Ranar da Rijiya ta Rufta da Na'Allah

In ka bar Roni ka nufi Gwiwa, bayan ka wuce duwatsun nan da ke zaune kamar raƙuman da suka durƙusa, akwai wata 'yar hanya da ta ratse hagu ta shige cikin gonakin dawa. Ita ke kai mutum Gidan Kanya. Ƙauyen bai taka kara ya karya ba: gidajen ƙasa, rumbuna, turakun awaki, sai majami'a mai rufin kwano. A jikin darbejiyar ƙofarta an rataye wani tsohon ƙarfen mota, shi ake bugawa ran Lahadi da safe. A nan aka haifi Na'Allah.

Mahaifiyarsa ta sha wabi kafin shi. Da ya zo, ta dube shi cikin zane ta ce wannan kam na Allah ne, in ya ga dama ya bar mata, in ya ga dama ya karɓi abinsa. Sai aka bar mata. Kakansa Bamaguje ne har ya bar duniya, mahaifinsa ne ya karɓi bishara yana saurayi, don haka Na'Allah ya buɗe ido ya tarar ana addu'a kafin a sa hannu a tuwo. Ranar baftisma an raɗa masa Istifanus, amma sunan bai raka shi ko ƙofar gida ba.

Haƙar rijiya ba gadonsa ba ce. Wata shekara tsohuwar rijiyar ƙauyen ta ƙafe, aka kira wani dattijo Musulmi daga Roni mai suna Hamma ya haƙa sabuwa. Na'Allah, wanda a lokacin gemu ya fara tsiro masa, ya riƙa zuwa bakin ramin yana leƙe har Hamma ya gaji da ganin inuwarsa.

"Kai ɗan nan, ba ka tsoron rami?"

"Ban sani ba, Baba. Ban taɓa shiga ba."

Hamma ya ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi. Abin da ya tarar a ƙasa shi ya riƙe shi tsawon rayuwarsa. Sanyi ne irin na randar da ta kwana a inuwa, ga ƙamshin ƙasar da rana ba ta taɓa gani ba. Hayaniyar duniya ta koma can nesa, kamar ana magana a bayan katanga. Da ya ɗaga kai sai ya ga sararin sama duka ya dawo ɗan faifai, wata shirwa ta gifta ta cikinsa ta wuce. Ya daɗe a tsaye bai ɗauki dagi ba, har sai da Hamma ya girgiza igiyar.

Daga nan ya bi Hamma. Tare da ɗan dattijon, Muhammadu Lawal, suka koyi sana'ar: yadda jar ƙasa ke ba marmara wuri, yadda marmara ke ba laka, da yadda tsakuwa ke fara gumi in idon ruwa ya kusa. In lokacin salla ya yi, Na'Allah ya riƙe igiya su Hamma su yi sallarsu. Ran Lahadi kuma ba a neman sa. Ba su taɓa zama sun tsara hakan ba, haka kawai ya kasance.

Ya auri Lai'atu, 'yar wani ƙauye a wajen Gwiwa, mace mai fara'a wadda ke buga tulu a Zumuntar Mata. Suka haifi ɗan fari, Filibus, sannan haihuwa ta tsaya. Sai da suka fid da rai, Filibus har ya isa riƙe garma, sannan Allah ya kawo 'ya mace, suka sa mata Baraka. Yarinya ce mai surutu. Takan zura kai cikin tulun mahaifiyarta ta yi waƙa don ta ji muryarta ta yi kauri. In uban yana aiki a kusa, ita ke biyo mai kai kunu, ta kwanta rub da ciki a bakin rami duk da tsawar da ake yi mata, ta kira shi.

"Baba, ka ga ruwan?"

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka ka ce."

Shekarar da za a sa ta makaranta aka yi wata marka mai nauyi. Kwana da kwanaki ruwa bai ɗauke ba, ƙasa ta sha har ta ƙoshi, katangu suka jiƙe suka yi baƙi. Wata la'asar Na'Allah da Filibus suna gona suna buɗe wa ruwa hanya, sai iska ta taso daga gabas. Baraka na kwance a ɗaki da zazzaɓi. Lai'atu ta fita ta kwance awaki ta shigar da su rumfa. Ba ta kai ga akuya ta biyu ba ta ji wani sauti a bayanta, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Da ta waiga, ɗakin babu shi.

Na'Allah ne da hannunsa ya tone ƙasar. Ya iya tono, ya san inda ake fara ɗagawa. Amma ya makara.

Aka yi jana'iza, aka yi waƙoƙi, Hamma da tsufansa ya sa aka kawo shi a babur ya zauna a kan tabarma tare da masu makoki. Na'Allah bai yi kuka ba. Yana amsa gaisuwa, yana cewa haƙuri sai Ubangiji ya ba da shi, amma idonsa na kallon wani wuri a bayan mai gaisuwar. Ran Lahadi ya zo majami'a ya tsaya a gindin darbejiya, bai shiga ba. Lahadi ta gaba ma haka. Daga baya ko darbejiyar ya daina zuwa.

Fasto Barnabas, wani tsoho mai sanyin murya da ya daɗe yana kiwon ikilisiyar, ya same shi a gona.

"Na'Allah, fushi kake da Ubangiji?"

"A'a, Baba Fasto. Wa ya isa?" Ya ci gaba da noma kafin ya ƙara. "Ba ni da abin da zan faɗa masa ne. In na buɗe baki sai in ji babu komai a ciki."

Faston bai yi masa wa'azi ba. Ya ce to, shi zai riƙa faɗa a madadinsa har ranar da bakin zai dawo.

Da kaka ta wuce, Muhammadu Lawal, wanda ya gaji aikin mahaifinsa, ya ce akwai rijiyoyi a wajen Babura. Na'Allah ya ɗaure kayansa. Da farko rani kawai yake yi a can, damina ya dawo. Daga baya daminar ma sai ya bar wa Filibus gona, ya riƙa aiko da saƙo ta hannun direbobin da ke zuwa kasuwar Roni. Suka bi ƙauyukan bakin iyaka, wani lokaci har su tsallaka a sallame su da kuɗin sefa. Mutane sun san shi da aiki da kuma shiru. Shi ke fara sauka, shi ke ƙarshen fitowa. A ƙasan rami ne kawai ƙirjinsa ke ɗan sakin sa, domin a can babu mai tambayarsa yaya gida.

Lai'atu kuwa ta zauna. Ta sa aka sake gina ɗakin da bulon siminti. Ta yi shekara ba ta taɓa tulu ba, sannan wata rana matan zumunta suka ajiye shi a gabanta, ita kuma ta ɗauka.

Ƙasar Babura ba irin ta Roni ba ce. Rairayi ne mai laushi, ana haƙa ana zura zoben siminti don ya riƙe bango. A wani ƙauye arewa da garin, cikin bazara, sun yi nisa har tsakuwa ta fara gumi. Da hantsi Na'Allah na ƙasa yana cika bokiti, sai ya ji rairayi na zubo masa a wuya, siriri, kamar ana sheƙa gero. Kafin ya kama igiya bangon ya saki.

Zobe ɗaya ya karkace ya tokare da ɗan'uwansa, ya yi masa rumfa a kai. Wannan ne ya sa bai mutu nan take ba. Amma rairayi ya binne shi har ƙirji, ƙafarsa ta dama tana ƙarƙashin wani abu mai nauyi, hasken sama kuma ya tafi, sai wani ɗan zare da ke ratsowa ta tsakanin zobban.

Da farko ya yi ta kokawa. Ya yi kira, ƙasa ta cika masa baki. Duk motsin da ya yi, rairayin ƙara matse shi yake. Ya san aikin, don haka ya san abin da ke gabansa. Sai ya tsaya cik, ya jingina kai da siminti, ya ce a ransa, ashe haka Baraka ta ji.

Wannan tunanin ne ya fasa abin da ya daskare a ƙirjinsa shekara da shekaru. Ya yi kukan da bai yi ba a ranar jana'iza, a hankali, don ko kukan ma babu wurin yin sa da ƙarfi. Hawaye suka bi ƙurar fuskarsa suka yi hanya. Da kukan ya lafa sai ya ji bakinsa na motsi.

"Yesu, ga ni nan. Ban san abin da zan ce ba har yanzu. Amma ga ni."

Abin da ya biyo baya, shi kansa ba ya iya rantsuwa ko barci ne ko farke. Ya ce ƙasar ta daina matsa shi, ta koma kamar zanen goyo. Ya ji daka daga can nesa, taɓarya na sauka a turmi, sautin na biyo ƙasa yana shiga ƙashin bayansa, sai dakan ya rikiɗe ya zama bugun tulu. Ɗan zaren hasken nan ya yi ta faɗi har ya zama fili. Ya ga gonar gero da ta yi kai, irin wadda ake samu shekarar albarka, iska na kaɗa ta ba tare da ƙara ba. Ruwa na gudu a tsakanin kunyoyi, garau, ana ganin tsakuwar ƙasansa. A bakin ruwan ga Baraka zaune ta tsoma ƙafafu, babu zazzaɓi a idonta, babu ƙasa a gashinta. Akwai wani zaune kusa da ita, Na'Allah bai ga fuskarsa ba, sai hannunsa da ke dafe da kafaɗar yarinyar. Amma ya san ko wane ne, yadda mutum ke gane takun mahaifinsa a zaure.

Yarinyar ba ta yi mamakin ganin sa ba. Ta nuna masa ruwan da yatsa, tana dariya, kamar mai cewa ga shi ita ta riga shi samu.

Ya so ya ƙarasa wurinsu, ƙafarsa ta ƙi. Bai ji haushi ba. Ya tsaya daga inda yake yana kallo, wata salama ta sauko masa tun daga tsakar kai har inda rairayi ya riƙe shi. Ba a faɗa masa dalilin da ɗakin ya faɗi ba, shi ma bai tambaya ba. Abin da ya gane kawai shi ne yarinyar ba ita kaɗai ba ce a ranar nan, kamar yadda shi ma yanzu ba shi kaɗai ba ne. In an fitar da shi, to. In ba a fitar da shi ba, to.

A sama kuwa gari ya tashi. Muhammadu Lawal ya hana kowa matsowa bakin ramin don kada sauran bangon ya bi. Ya sa aka fara wani ramin daga gefe, a karkace, ana tokare shi da ƙyamaren ɗakuna da mutane suka ciro daga gidajensu. Maza na tono, mata na kwashe ƙasa da kwanuka da ƙorai. Limamin ƙauyen ya tsaya a rana yana addu'a, aka yi azahar a nan bakin aiki, rabi na salla rabi na tono, sannan suka canja. Muhammadu Lawal ya zura wani dogon tiyo ta tsakanin zobban, ya sa baki ya yi ta kira.

"Yaya Na'Allah. Yaya Na'Allah, in kana ji na ka yi magana."

Sai can wata murya ta biyo tiyon, a natse, kamar ta wanda aka tasa daga barcin rana.

"Ina jin ka, Lawal. Ku bi a hankali, kada wani ya ji ciwo."

Rana ta yi ja kafin su kai gare shi. Da aka jawo shi, ya rufe ido saboda haske, ya buɗe, ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, duk sun yi fari da ƙura, bai san sunan yawancinsu ba. Wata tsohuwa ta miƙo masa ruwa a moɗa. Ya ce bai taɓa sanin ruwa na da zaƙi haka ba.

Aka kai shi asibiti a Babura. Ƙafar ta karye a wuri biyu. Washegari da hantsi Lai'atu ta iso, Filibus ya ɗauko ta a babur tun daga Gidan Kanya, gyalenta duk ƙura. Ta tsaya a bakin gado ta dube shi, ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Sannu, Maigida."

"Lai'atu." Ya ɗago ido ya dube ta. "Na gan ta."

Ba ta tambaye shi wa ba. Ta zauna a gefen gadon, ta ajiye kwanon da ta riƙo.

"Yaya take?"

"Lafiya lau. Tana wasa da ruwa. Akwai mai kula da ita."

Lai'atu ta sa bakin gyale ta share ido. Ta ce ita ma ta daɗe da sanin haka, amma da daɗi a ji daga bakin wanda ya gani. Sannan ta buɗe kwanon, dambu ne da zogale, ta ce ya ci tun bai huce ba.

"Na bar ki ke kaɗai da baƙin cikin nan," in ji shi.

"Ka bar ni. Amma ban zauna ni kaɗai ba." Ta miƙa masa cokali. "Ci, ma yi maganar a gida."

Sun yi maganar a gida, ba a rana ɗaya ba. Ƙafar ta ɗinke amma ta gajarce, rami kuma ya ƙare masa. Lahadin farko da ya iya takawa da sanda, ya wuce darbejiya ya shiga majami'a ya zauna a bencin baya. Fasto Barnabas, wanda ido ya fara yi wa nauyi, ya tambaya ko akwai mai shaida. Na'Allah ya miƙe, kowa ya juyo. Ya dogara da sandarsa. Sannan ya ce, "Na shiga ƙasa, Ubangiji yana can. Na fito, yana nan." Ya koma ya zauna. Matan zumunta suka ɗauki waƙa.

Ba wai baƙin cikin ya tafi ba ne. Har yau in marka ta yi nauyi yakan fita ya zagaya gidajen maƙwabta yana taɓa katangu da tafin hannu, in ya ji wadda ta sha ruwa ya ce a kwashe yara a kai su majami'a ko makaranta. Akwai ranakun da ba ya son magana. Sai dai shirun yanzu daban ne, Lai'atu ta ce irin wanda ake iya zama a kusa da shi ne.

Ya koma tufkar igiya da saƙar zana. Muhammadu Lawal ya ƙarasa waccan rijiyar, kuma duk lokacin da ya biyo ta Roni sai ya ratso ya kawo masa goro, duk da ya san ba ya ci, Lai'atu ce ke rabar wa tsofaffi.

Bara Filibus, wanda yanzu ke gyaran babura a Kazaure, ya aiko cewa matarsa ta sauka, an sami mace. Suka shirya suka tafi suna. Bayan an ci an sha an yi addu'a, aka miƙa wa Na'Allah jaririyar. Ya riƙe ta a tafukan hannunsa masu kaushi, ya daɗe yana kallon yadda take motsa baki cikin barci, sannan ya mayar wa uwar.

Da la'asar, a hanyarsu ta zuwa tasha, ya ce wa Lai'atu su ɗan ratsa ta bakin dam. Suka sami wani dutse suka zauna. Ruwan ya kwanta shimfiɗe har gindin tsaunuka, balbelu na dawowa jere-jere, wani masunci a cikin kwalekwale yana jan koma a hankali kamar ba ya son ya tashi ruwan daga barci. Masu lambu na tattara kayansu. Daga cikin gari aka fara jin motsin masu shirin magariba.

"Maigida, motar Roni za ta tafi ta bar mu."

"Ta tafi. Ma kwana wurin yaran."

Ta dube shi, ta yi murmushi, ta kwance ƙullin gyalenta ta fito da soyayyiyar gyaɗar da aka ba su a gidan suna. Ta zuba masa a hannu, ta zuba wa kanta. Suka zauna suna ci, masuncin kuma ya juya kwalekwalensa ya nufo gaɓa.